IDAN CIWON DAJI YA DAWO BAYAN GASHI: KAFIN A SAYAR DA GONA, A NEMO TAKARDA

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman wanda yake da majinyaci a gida ko a maƙwabta.

Tun da aka ƙaddamar da cibiyar masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a watan Yulin 2025, lokacin da ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya zo, tare da irinta a Inugu da Benin, mutanen yankinmu suka ɗan samu sa'ida. A da, wanda aka rubuta wa gashin kansa daga nan Babban Mutum sai dai ya nufi Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, ya bar iyali da gona na tsawon makonni. Yanzu ka bi ta Baure da Zango ka faɗa Daura, daga can kilomita kamar 80 ne zuwa Katsina. Wannan ci gaba ne, mun gode Allah.

Amma akwai wasu marasa lafiya da ban cika jin ana maganarsu ba. Su ne waɗanda aka riga aka yi wa gashi a kai ko a wuya, shekara ɗaya ko biyu ko biyar da suka wuce, aka dawo gida ana barka, sai ga kumburi ya sake leƙowa. Abin da dangi ke fara cewa shi ne, "To ai yanzu ga na'ura kusa, a kai shi a sake gasa wurin mana." Idan likita ya yi jim, ya ce sai ya duba tukuna, ko ya ce shi kam ba zai yi ba, nan take zance ya rabu biyu a majalisa. Wasu su ce an raina mu ne don ba mu da kowa. Wasu su ce likitocin nan ba su iya ba, a haɗa kuɗi a tafi Masar ko Indiya. Kafin ka ankara an sa gona a kasuwa, an kora shanun huɗa.

A ganina duka maganganun biyu mara lafiya suke cutarwa. Sake gashi yana yiwuwa, ana yin sa, kuma da izinin Allah yana ƙara wa wasu shekaru. Sai dai ba kowa ya dace da shi ba, kuma abin da ke buɗe ƙofarsa ko ya rufe ta, sau da yawa yana hannunmu tun ranar da aka gama gashin farko: takardar bayanin gashin, da komawa asibiti a kan lokaci. Ni ba likita ba ne. Na dai yi jinya, na zauna a bencin asibiti, na yi tambaya, na kuma karanta, shi ya sa nake so mu tattauna.

Mu fara da yadda gashin yake. Babu wuta, babu garwashi. Haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, na'ura ke harba shi ya ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin cutar. Likitoci suna auna shi da wani ma'auni da suke kira Gray. Mai ciwon dajin maƙogwaro ko harshe ko bayan hanci, idan ana neman warkewa, yawanci ana ba shi Gray 66 zuwa 70. Ba a bayarwa a zama ɗaya, ana raba shi zama 33 zuwa 35, kullum sau ɗaya daga Litinin zuwa Juma'a, kusan mako bakwai ke nan. Ana yi wa mutum wani abin rufe fuska na roba daidai siffar fuskarsa, a ɗaure shi a kan gado don kada kai ya motsa ko kaɗan.

Matsalar ita ce hasken nan ba ya tsallake lafiyayyen nama kafin ya isa ga ciwon. Kuma ku duba yadda Allah Ya tsara wuya da kai: a ɗan wurin nan akwai hanyar numfashi, hanyar abinci, laka da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa, manyan jijiyoyin da ke kai jini kai, ƙashin muƙamuƙi, jakunkunan da ke samar da yawu, jijiyoyin gani da na ji. Kowannensu yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Laka, alal misali, likitoci ba sa son ta wuce Gray 45 zuwa 50. In ta ƙone, mutum na iya shanyewa daga wuya har ƙasa, kuma babu gyara.

To ga inda gizo ke saƙar. Gashi ba kamar allurar zazzaɓi ba ne da za a yi bana a sake baɗi kamar ba a taɓa yi ba. Jiki yana riƙe lissafi, kamar littafin bashin mai kanti. Abin da laka ta ci a karon farko yana nan a rubuce. Wani ɓangare yana gogewa idan an samu watanni ko shekaru, amma ba duka ba. Likitan da zai sake gashi dole ya haɗa na da da na yanzu, ya ga ko akwai sauran wuri a shafin. Ƙari a kan haka, ƙwayoyin da suka dawo su ne waɗanda suka tsira daga gashin farko, wato masu taurin kai. Ga kuma naman wurin ya yi tabo, jini ba ya ratsa shi sosai, shi kuwa gashi ya fi cin ƙwayar da ke samun iska ta cikin jini. Kun ga ke nan ana buƙatar bugu mai ƙarfi a wurin da ba zai iya jure bugu ba.

Illolin sake gashi ba ƙanana ba ne, kuma ya kamata dangi su ji su da kunnensu kafin su sa hannu. Baki na iya bushewa har mutum ya kasa haɗiye tuwo sai da ruwa a gefe. Muƙamuƙi na iya ƙagewa, baki ya ƙi buɗuwa. Ƙashin muƙamuƙin kansa na iya mutuwa ya riƙa ruwa. Wani sai an sa masa robar abinci ta hanci ko ta ciki har ƙarshen rayuwarsa, wani sai an huda masa wuya don ya yi numfashi. Mafi ban tsoro shi ne fashewar babbar jijiyar wuya. Wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattara bayanan mutum sama da 1,500 da aka sake wa gashi, ya samu cewa abin ya faru ga kusan mutum 3 cikin 100, kuma kashi uku cikin huɗu na waɗanda ya faru gare su ba su rayu ba. Ka ɗauka hakan ta faru da dare a Babban Mutum, ina za a kai shi cikin minti goma?

Saboda haka idan likita ya yi jim, wallahi ba lallai aljihunka yake kallo ba. Lissafi yake yi.

Yanzu mu zo ga wa ke amfana. A nan alƙaluma sun fi surutu amfani. A Amurka an yi wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2007, aka haɗa sake gashi da kemo ga kusan mutum 100 da ciwonsu ya dawo kuma ba ya ciruwa da tiyata. Bayan shekara biyu, kusan kashi 26 cikin 100 ne ke raye, kuma kusan kashi 8 cikin 100 maganin ne ya yi ajalinsu, ba ciwon ba. A Faransa kuma, a 2008, an buga gwajin mutum 130 da aka yi wa tiyata aka cire ciwon da ya dawo, aka raba su biyu: rabi aka sake musu gashi da kemo, rabi aka zuba musu ido. Waɗanda aka sake wa gashi ciwon ya fi jinkirin dawowa a wurin, amma a tsawon rai gaba ɗaya ba a ga bambanci ba, kuma sun fi shan wahala.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na 2018, da wasu asibitocin Amurka suka haɗu suka duba mutum 412 da aka sake wa gashi da na'urorin zamani. Sun raba su gida uku. Gida na farko, waɗanda suka haura shekara biyu da gashin farko kuma aka samu damar cire ciwon da tiyata: kusan kashi 62 cikin 100 sun kai shekara biyu a raye. Gida na tsakiya, kashi 40. Gida na uku, waɗanda ciwon ya dawo musu kafin shekara biyu kuma sun riga sun dogara da robar abinci ko hudar wuya: ba su kai kashi 17 ba. Magani iri ɗaya, na'ura iri ɗaya, amma dubi tazarar. Kuma a tuna, waɗannan alƙaluma daga asibitocin da ke da komai a hannu suka fito.

Darasin a fili yake. Wanda ya daɗe da gashin farko, ciwon ƙarami ne, yana cin abincinsa yana tafiya da ƙafarsa, ya cancanci a yi masa faɗi-tashi a nema masa wannan dama. Wanda ciwon ya dawo bayan wata biyar, ya rame, ba ya iya haɗiya, sake gashi mai nauyi na iya zama ƙarin azaba a kwanakin da ya kamata ya yi cikin iyalinsa.

Akwai nau'in da ya shafe mu musamman, wato na lungun bayan hanci, can saman maƙogwaro. Yana cikin waɗanda aka fi gani a asibitocin Arewa idan ana maganar ciwon dajin kai da wuya, kuma ba ya barin matasa. Yana farawa da toshewar hanci gefe ɗaya, haɓo, toshewar kunne, ko kaluluwa a wuya wadda ba ta zafi. Mutanen kudancin Sin sun fi kowa fama da shi, su ne kuma suka fi bincike a kansa. A 2021 likitocin Guangzhou suka buga gwajin mutum 200 da ciwon ya dawo musu yana ƙarami: waɗanda aka cire musu ta hanci da na'urar leƙe, kusan kashi 86 cikin 100 sun kai shekara uku, waɗanda aka sake wa gashi kashi 68. Wato inda wuƙa za ta iya, ita ce gaba. A 2023 kuma suka buga wani na mutum 144 da ciwon ya yi girman da sai dai gashi. Rabi aka ba su yadda aka saba, sau ɗaya a rana. Rabi aka rage yawan na kowane zama, aka riƙa ba su sau biyu a rana da tazarar aƙalla awa shida. Masu sau biyun kusan kashi 75 cikin 100 suka kai shekara uku, ɗaya rukunin kashi 55, kuma munanan illoli sun ragu sosai. Ku riƙe maganar sau biyu a ranar nan, zan dawo kanta.

Ita ma na'ura ba duka suke ɗaya ba. Tsohuwar na'urar kobal tana harba haske ne a faffaɗe, ta kama ciwo ta kama maƙwabtansa. Ta yi wa mutanenmu aiki shekara da shekaru, ba a raina ta. Amma sake gashi a kai da wuya yana buƙatar na'urar zamani da ake kira linak, wadda kwamfuta ke saita haskenta ya bi siffar ciwon ya kauce wa laka da ido, abin da likitoci ke kira IMRT. Don haka tambayar farko ga duk asibitin da ya ce zai sake gashi, a gida ko a waje, ita ce da wace irin na'ura.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki waya na yi wannan dogon rubutu. Takarda.

Na taɓa zama kusa da wasu bayin Allah da suka kawo mahaifinsu wani asibiti, ciwon ya dawo masa a wuya. Likita ya tambayi babban ɗan, "Nawa aka ba shi a wancan karon?" Yaron ya buɗe leda ya fito da rasiɗai, ya faɗi kuɗin da suka biya. Likita ya ce ba kuɗi yake tambaya ba, yawan gashin yake nufi, da inda aka haska. Shiru. Abin da ke cikin ledar kati ne da rasit da kwalin magani. Ba laifinsu ba ne, babu wanda ya taɓa gaya musu cewa akwai wata takarda da ta fi duk waɗannan daraja.

Likitan da bai san abin da laka ta ci a baya ba, hanya biyu gare shi. Ko dai ya ƙi taɓawa, ko ya ɗauka ta riga ta cika ma'auninta ya rage ƙarfin gashin har ya zama bai isa ya kashe ciwon ba. Duka biyun asara ce ga mara lafiya. Mu kuma a nan bakin iyaka abin ya fi rikicewa. Wani a Zariya aka yi masa, wani a Sakkwato, wani a Alƙahira. 'Yan'uwanmu na Magaria wani a Yamai aka yi masa, a cibiyar da ta fara gashi a 2021, takardunsa da Faransanci. Wanda kuwa aka yi wa a Khartoum kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ina zai koma ya nemi fayil?

Don Allah duk wanda aka yi wa gashi, ko ake yi masa yanzu, kada ya bar asibitin sai da takarda mai ɗauke da waɗannan:

1. Ranar da aka fara da ranar da aka gama.
2. Jimillar Gray nawa, a zama nawa.
3. Wane wuri aka haska, kuma nawa laka da sauran sassa masu haɗari suka samu.
4. Wace irin na'ura aka yi amfani da ita.
5. Sunan kemo da aka haɗa, da sau nawa.
6. Sakamakon awon tsokar da aka yanka, wanda ya faɗi nau'in ciwon.

In za su ba da taswirar gashin da hotunan sikan a faifai ko a filashi, a karɓa. A ɗauki hoton takardar a waya, a tura wa mutum biyu cikin dangi, a kai asalin inda ake ajiye takardar gona. Wanda aka yi wa tun shekarun baya kuma yana lafiya lau, yanzu ne lokacin da zai tura ɗa ko ƙane a karɓo masa, tun ba a shiga ruɗani ba. Haƙƙinsa ne, ba alfarma ba.

Abu na biyu da ke hannunmu shi ne komawa a duba. Mafi yawan ciwon da zai dawo yana dawowa ne a cikin shekara biyun farko, shi ya sa likitoci ke son ganin mutum duk bayan wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko. Mu kuma me muke yi? Da an ga kumburi ya sace, murya ta dawo, shi ke nan an warke, kuɗin mota ma ya fi amfani a taki. Sai kaluluwa ta sake fitowa a fara shafe-shafe, a je wajen wanzami ya yi tsaga ko sakiya a naman da gashi ya riga ya raunana, gyambo ya buɗe ya ƙi rufewa. Wata shida sun tafi. Ciwon da ake iya cirewa da tiyata a watan farko ya naɗe jijiya. Mutumin da zai shiga gidan kashi 62 ya gangaro ƙasa, ba don talauci kaɗai ba, har da jinkiri.

Alamomin da bai kamata a kwana da su ba ga wanda aka taɓa yi wa gashi: sabon ƙullutu a wuya, gyambon baki da ya wuce mako uku, dashewar murya, ciwon kunne gefe ɗaya da ba ya tafiya, jini ta hanci ko ta baki, wahalar haɗiya da ke ƙaruwa, rama ba dalili. Kuma ba duk abin da ya fito ne tsohon ciwon ba. Wani lokaci mataccen nama ne daga gashin farko, wanda sake gasa shi ɓarna ce tsagwaronta. Wani lokaci sabon ciwo ne daban, musamman ga wanda ya koma wa sigari ko tabar gari. Shi ya sa sai an sake yankar tsoka an auna. Duk wanda ya ce zai sake gashi ba tare da wannan ba, a yi hattara da shi.

Na san wani zai ce, Malam, mu da gashin farkon ma bai ishe mu ba, kana maganar na biyu? Gaskiya ne. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta 2022 ta nuna Nijeriya na samun sababbin masu ciwon sama da 127,000 a shekara, sama da 79,000 na rasuwa, na'urorinmu kuwa ba su taka kara sun karya ba. Amma ku lura, duk abin da nake roƙo yana gyara gashin farkon ne. Rubuta takardar sallama ba ya cin dala. Kuma yawan waɗanda ake yi wa gashi yau, shi ne yawan waɗanda za su dawo da wannan tambaya nan da shekara biyu ko uku. In ba a fara adana bayanai yanzu ba, ranar da za a neme su babu.

Sai maganar kuɗi. Asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da nau'i uku: na mama, na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza. Babu wanda ke jayayya da muhimmancinsu. Amma mai ciwon maƙogwaro ko bayan hanci shi ma ɗan ƙasa ne, kuma nasa ciwon yana hana shi ci da magana da numfashi. Ina kira ga hukumar NICRAT da ke kula da harkar ciwon daji ta ƙasa, da 'yan majalisarmu na shiyyar Daura, su matsa a shigar da ciwon kai da wuya cikin tallafi sosai. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa kuma ta duba yadda hukumar KATCHMA za ta ɗauki ko da kuɗin hoto da awon tsoka na masu komawa dubiya.

Ku tuna maganar sau biyu a rana. Mutumin Babban Mutum ba zai yi gashi da safe a Katsina, ya dawo gida, ya koma da yamma ba. Ko na sau ɗaya a rana ma ba zai yiwu daga gida ba. Dole ya tare a Katsina makonni shida ko bakwai, shi da mai jinya, kuma tsallake kwanaki a tsakiyar gashi yana ba ciwon damar farfaɗowa. Wanda ba shi da ɗan'uwa a birni, a ina zai kwana? Masu hannu da shuni na ƙasar Daura, ga sadaka mai gudana: gida mai ɗaki goma kusa da asibiti, da ruwa da wuta, don masu gashi daga ƙauyuka. Ƙungiyoyin ci gaban Baure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu za su iya haɗa hannu su kama haya ma kawai.

Abin da zan roƙa wa asibitocinmu na Daura da Baure kuma ba na'urar gashi ba ce. A samu rana ɗaya a wata da likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai zauna ya duba waɗanda aka taɓa yi wa gashi, ya leƙa maƙogwaro, ya taɓa wuya, ya tura wanda ya ga alama Katsina ko Kano da wuri. A samu rajista ɗaya da sunayensu da lambobin wayarsu, wanda bai zo ba a kira shi. Asibitocin da ke gashi kuma a wajabta musu ba kowa takardar nan ranar sallama, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Saura magana mai nauyi. Idan likitoci sun zauna, mai tiyata da mai gashi da mai kemo, sun duba sun ce sake gashi ba zai amfane shi ba, me ya rage? Da yawa. Akwai gajeren gashi na 'yan kwanaki don tsayar da jini ko rage zafi, wanda ba shi da nauyin wancan. Akwai kemo, har da na haɗiya mai sauƙin kuɗi da likitocin asibitin Tata Memorial na Mumbai suka gwada ga talakawansu ya yi amfani. Akwai sababbin allurai masu tayar da garkuwar jiki, suna taimakon wasu, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancinmu. Akwai maganin zafi mai ƙarfi irin su mofin, wanda ba abin kunya ba ne ga mai wannan ciwo ya sha a ƙarƙashin kulawar likita. Akwai robar abinci, da wankin gyambo don wari ya ragu mutum ya iya zama cikin jama'a. Neman ra'ayin likita na biyu ma daidai ne, kuma da takarda a hannu ana iya tura bayanan ta waya a ji amsa kafin a sayi tikitin jirgi.

Abin da ba na goyon baya shi ne al'adarmu ta ɓoye wa mara lafiya. 'Ya'ya su shiga ofishin likita su fito, a ce wa tsoho "Baba an ce da sauƙi", alhali an yanke shawarar sayar da gonarsa a kai shi wata ƙasa a yi masa abin da zai iya raba shi da cin tuwo har abada. Wuyansa ne, gonarsa ce, marayun da za a bari nasa ne. A gaya masa cikin ladabi da tausasawa, a bar shi ya zaɓa. Wani zai ce a gwada ko da kashi ɗaya ne, a taya shi. Wani zai ce a mayar da shi ɗakinsa ya yi sallarsa cikin jikokinsa, shi ma a girmama zaɓinsa, ba gazawa ba ce kuma ba rashin tawakkali ba ne.

Kafin a sa hannu a sake gashi, a ko'ina ne, a tambayi likita ido da ido: Warkewa ake nema ko sauƙi? Tiyata za ta yiwu? Kun ga bayanin gashin farko? Cikin mutum goma irinsa, nawa ke kai shekara biyu? Zai ci gaba da ci ta baki? In jini ya ɓalle a gida, me za mu yi? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce a turo kuɗi kawai a taho, komai zai yi daidai, tun bai ga takarda ko ɗaya ba, ɗan kasuwa ne, ko da a wace ƙasa yake.

Wanda ya san wani da aka taɓa yi wa gashi, a Babban Mutum ko Baure ko tsallaken iyaka, don Allah ya kira shi yau ya tambaye shi ina takardarsa, kuma yaushe rabonsa da asibiti. A tura wannan rubutu ga masu jinya, a karanta wa waɗanda ba sa karatu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, Ya sa wahalar ta zama kaffara, Ya saka wa masu jinya da alheri, waɗanda suka riga mu kuma Ya jiƙansu da rahama. Amin.